Hular Da Aka Saƙa Ba Awo

Kwana goma sha shida kacal suka rage wa'adin ya cika, a ranar ne Junaidu ya tafka wautar da ta fi kowace wauta a rayuwarsa. Ya sa hular ya zo karatu da ita.

Zaituna ba ta gani ba. Ina za ta gani, ita da rabonta da ɗora ido a kansa wata goma sha ɗaya ke nan da 'yan kwanaki? Tana zaune ne a inda ta saba zama kowace safiya, gindin katangar da ta raba tsakar gida da zauren mahaifinta, Malam Siddiƙu na Ƙofar Rini. Alluran saƙa biyu a hannunta, curin zaren ulu a cikin kwano don kada ya gangara. Mutanen gidan sun ɗauka hasken wurin take so. Ita ta san abin da ke kai ta: daga nan ne ake jin muryar kowane ɗalibi in ya ja karatunsa bayan asuba.

Sharaɗin Malam ne ya kai su ga haka. Da Junaidu ya aiko neman aurenta, dangi suka yi caa, wai gidan malamai bai taɓa ba manomin fadama 'ya ba, ko da ya yi boko, ko da shinkafarsa da albasarsa na cika motoci. Malam ya duba littafi bai ga inda aka hana ba, ya duba dangi bai ga fuskar da ta sake ba. Sai ya yanke hukunci: shekara guda cur yaron zai zauna gabansa ya yi karatu, kuma a cikin shekarar ba zai ga Zaituna ba, ba magana, ba waya. In ya cika, an ba shi. In ya saɓa ko sau ɗaya ne, magana ta mutu.

Sun riƙe kuwa. Da kuka da rama da komai, sun riƙe.

A safiyar nan Junaidu ya gama jan nasa karatun ke nan, sai ta ji wata murya mai sanyi ta ratso katanga. Muryar Ubaidullahi ce, ɗan ƙanwar Malam kuma babban ɗalibinsa, wanda dangi suka so a ba shi ita tun farko. Mutum ne da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, abin da ya sa Zaituna ke tsoronsa ke nan.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya, amma ba ta littahi ba ta."

"Hwaɗi," in ji Malam.

"Hulag ga da ɗan'uwa Junaidu yas sa, saƙar gidan ga ta. Na san hannun."

Alluran suka tsaya cak a hannun Zaituna.

"Ƙanwata Wasila tas sawo man ita, Allah gafarta Malam," in ji Junaidu. "Ciniki na awa na kowa."

"Ba ni musun ciniki," Ubaidullahi ya ce a hankali. "Ni ma na saya bara. Amma ban samu ba sai da anka aiko da tef gidanmu, anka auna ni wuri ukku. Kowa garin ga ya san mai saƙag ga ba ta aza allura sai da awo. To ku dubi yadda ta zauna mai, har ƙeya. Tambayata guda ta: wa ya auna shi?"

Gaskiya ya faɗa, a nan bala'in yake. Hular Zaituna ba irin ta kasuwa ba ce da kowa ke ja ya cusa kai. Hula ce da abin wuya a haɗe, saƙa ɗaya, ta rufe kai da kunnuwa da haɓa ta sauko har kafaɗa, fuska kaɗai ke waje. A waya ta koyi yin ta shekara uku da suka wuce, yanzu 'yan kabu-kabu da masu gadi da ɗaliban da ke tafiya ƙasashen sanyi duk wurinta suke aikowa. Dokarta ɗaya ce, har a lambarta ta WhatsApp ta rubuta: ba awo, ba saƙa. Kewayen kai, tsakar ka zuwa haɓa, kewayen wuya. Ko ɗan wane ne sai an kawo mata ukun nan.

Shi kuwa Junaidu, Allah ya hore masa ƙeya doguwa da wuya dogo, irin kan da mai sayar da hula ke gani ya fara ba da haƙuri. Duk wanda ya ga hula ta zauna a wannan kai daram, ya san ba dace ba ne.

"Ƙanwarka ta auna ka?" Malam ya tambaya.

Zaituna ta runtse ido. Kalma ɗaya ce za ta rufe maganar, kowa a zauren ya san ta. Amma mutumin da ya yi wata goma sha ɗaya yana karanta babin gaskiya a gaban Malam ba zai iya furta ta ba.

"A'a, Allah gafarta Malam. Ba wanda ya auna ni."

Wani ya yi gyaran murya. Ba wanda ya yarda, domin in ba ƙanwarsa ce ta auna shi ba, mutum ɗaya ya rage, kuma ba a auna wuyan namiji daga nesa.

"Tuɓe ta ka aje nan," in ji Malam. Ya ƙara wata magana ƙasa-ƙasa wadda katanga ta hana ta ji, sannan ya sallami karatu.

Ba a yi minti goma ba Inna Habiba, mahaifiyarta, ta zo ta tsaya a kanta.

"Tashi, shina kiranki."

Ta same shi a ɗakinsa zaune bisa buzu, hular Junaidu mai ruwan ƙasa a kan cinyarsa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, idonta a kan tabarma. Ita ce 'yar fari, tsakaninta da shi akwai kunyar da aka gada: bai taɓa kiran sunanta ba, ita kuma ba ta taɓa zama hira da shi ba.

"Ke kinka saƙa wagga?"

"Ni ta, Baba."

"Kin san mai ita sa'ad da kika saƙa?"

"Na sani."

"Wa yab ba ki awo?"

"Ba kowa."

"Ke da ba ki saƙa sai da awo."

Nan kukan da take dannewa ya ƙwace mata.

"Baba, Wasila tat taho tac ce man limoniya ta kama shi. Tun da duhu shika hitowa bisa babur daga ƙauye don karatun ga, cikin ɗari, ƙirji a buɗe. Tac ce in yi mai hula ta biya. Ban aika mai da ko gaisuwa ba, wallahi. Ita ba ta kawo awo ba, ni ko ban tambaya ba. Sai da nig gama, nin naɗe ta, sannan nit tuna ban tambaya ba."

"To ƙaƙa ta zauna?"

"Da ido nis saƙa ta. Da abin da nis sani tun kahin sharaɗi." Ta share fuska da gefen hijabi, wasu hawayen suka biyo. "A kawo Alƙur'ani in rantse, Baba."

"A'a," ya ce, ba tare da faɗa ba. "Ba ni ba mai so Alƙur'ani. In gaskiya kika hwaɗi, ba ki da buƙatar rantsuwa. In ba ita ba ta, ba ni son in rasa ki duniya in koma rasa ki lahira."

Ya juya hular a hannunsa, ya bi saƙar da ɗan yatsa tun daga ƙeya har wuya. Ya daɗe yana yin haka.

"Kin ce idonki ya isa awo. To ki saƙa man tawa. Ba tef, ba hulata, ba tambayar kowa. Kwana ukku. Shi kin san shi shekara biyu, ni kin san ni shekara ashirin da shidda. In ta zauna man awa yadda wagga ta zauna mai, na yarda da ke, alkawali na nan. In ba ta zauna ba, to an auna shi, sharaɗi ya warware. Hakanan nih hwaɗi gaban ɗalibai, kuma ba ni tashe shi."

Wani sanyin daɗi ya ratsa ta. Wannan ai mai sauƙi ne. Mahaifinta ne fa.

"Ga ni," in ji Malam. "Dube ni."

Ta ɗago kai. Idonta ya hau gwiwarsa, ya hau carbin da ke hannunsa, ya kai ga aljihun babbar rigarsa. Da ya isa gemu sai wuyanta ya ƙi. Ta tilasta shi, ta saci kallo guda kamar wadda ta taɓa garwashi, ta mayar da kai ƙasa. Abin da ta gani shi ne abin da kowa a Ƙofar Rini ke gani: farin rawani babba, amawali ya zagayo ya rufe haɓa da wuya, sai idanu biyu da hanci.

Daɗin nan ya gudu ya bar ta. Sai a lokacin ta fara jin tsoro na gaske.

Da ta koma ɗaki Inna ta biyo ta, ta sakaya ƙofa.

"Na leƙa inda shika aje hulunanai," ta ce da raɗa. "Dut ya kwashe, ya kai zaure cikin akwatin littattahai."

"Ko suna nan ba ni taɓawa, Inna. Gaskiyata nika son a gani. In nis saci awo, na zama abin da Yaya Ubaidu yac ce."

"Gaskiya." Inna ta maimaita kalmar kamar mai ɗanɗana magani. "Ke da yaron ga gaskiya za ta ƙare ku. Ki gaya man, yaushe rabonki da ganin kan babanki ba rawani?"

Zaituna ta shiga tunani. Ta laluba shekarunta ɗaya bayan ɗaya. Da rawani yake fita asuba, da shi yake dawowa. Abincinsa ɗakinsa ake kai masa, Inna ke kaiwa. Alwala a bayan ɗakinsa yake yi. Wanzami a zaure yake samunsa.

"Ina ƙarama," ta ce.

Inna ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba yi a ɗakin 'yar farinta ba. Idonta ya kawo ruwa.

"Ya sa ni alkawalin ba ni hwaɗa maki komi, kuma ba ni saɓa mai. Abu guda nika roƙonki: ki aje kunya kwana ukkun ga. Ki buɗe ido ki dubi mutumin ga da kyau."

"Inna, akwai abin da ban sani ba?"

"Ki dube shi dai," in ji Inna, ta tashi ta fita tana jan hanci.

Ta yi ƙoƙari, ba za a ce ba ta yi ba. Yinin ranar ba ta sa allura ba, sai fakon mahaifinta take yi kamar ɓarauniya a gidansu. Ya fito azahar, ta leƙa ta labule. Ya dawo la'asar, ta yi kamar tana shanya. Duk lokacin da ya juyo, idonta ya faɗi ƙasa da kansa, ba da shawararta ba. Abin da aka koya wa ido tun yana shekara uku ba ya saki a yini ɗaya. In kuma ta samu ta kalli bayansa, rawani take gani da riga mai faɗi, mutum cikakke mai cika ƙofa.

Bayan la'asar Ubaidullahi ya shigo gai da Inna, kamar yadda ya saba. Da zai fita sai ya tsaya nesa da Zaituna, daidai inda ba mai cewa ya matsa, ya sunkuyar da kai irin na masu ladabi.

"Sannu da aiki, ƙanwata. Na ga ba ki soma ba."

Ta mayar da ido kan kwanon zarenta.

"Lambar hular Malam ashirin da ɗaya ta. Ni ka sawo mai. Wuya ko sha ukku."

Ta ɗago a fusace. "Ban tambaye ka ba, Yaya Ubaidu."

"Ba ki tambaya ba, shi ya sa ba ki da laihi. Amma in kinka yi aiki da ita, Malam yat tambaye ni, ba ni ɓoye mai. Kin san ba ni ƙarya."

"To don mi kah hwaɗa man?"

Ya yi ɗan murmushi, har yanzu idonsa a ƙasa.

"Don ranar da kinka taho gidana, ki tuna ban taɓa cutarki da ƙarya ba."

"Allah shi kiyashe ni da ranag ga."

"Amin, in ba alheri ba ta," ya ce, ya sa takalmansa ya fita a natse.

Ashirin da ɗaya? Ita da ta auna kawuna sun fi ɗari uku ta san wannan lamba. Ita take saƙa wa 'yan makarantar firamare. Wuya sha uku kuwa na budurwa ne siririya. Wato so yake ta saƙa 'yar mitsitsiyar hula, ta maƙale a kan Malam a gaban mutane, a yi dariya, magana ta mutu. Ta tsani mutumin nan, ta tsani sanyin muryarsa, ta kuma gode Allah da ya sa ta gane tarkonsa.

Ta rufe ido ta nemi mahaifinta a inda ta nemi Junaidu, wato a cikin ranta. Ta same shi kuwa. Tana 'yar shekara shida, ruwan sama ya cika lungunsu ya hana ta dawowa daga islamiyya, ba kowa a hanya. Sai ga shi ya fito da kansa, ba rawani, ba hula, ruwa na zuba a kansa. Ya waiwaya ya tabbata ba mai ganinsa, sannan ya ɗauke ta ya saɓa a kafaɗa. Sau ɗaya ke nan a duniya da ya ɗauke ta. Ta tuna hannuwanta biyu sun kasa zagaye wuyansa, ta tuna faɗin kan da ta kwantar da kumatunta a kai.

Ta ɗauko farin ulu mafi laushi da take da shi, ta ɗora ƙulli na kai ashirin da huɗu, wuya sha bakwai. Hannunta bai yi gardama ba ko kaɗan.

Kwana biyu ta yi tana saƙa. Ta ajiye duk aikin mutane, ta kashe waya. Layi na bin layi, tana yi tana salati. Kowace safiya kuma tana gindin katanga, tana jin Junaidu ya ja layi biyu ya tsaya ya yi tari, tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Hularsa na ɗakin Malam, shi kuma bai fasa zuwa ba, bai kuma sa wata ba. Kowane tari sai ta ji shi a nata haƙarƙarin. Sau biyu hawaye na sa ta ɓata layi ta warware.

Inna takan wuce ta dubi saƙar tana girma a cinyarta. A rana ta biyu ta tsaya ta daɗe tana kallo, har ta miƙo hannu kamar za ta taɓa, sai ta janye ta shige madafa. Zaituna ta ji tana fyace hanci a ciki, ta ce a ranta hayaƙi ne.

Safiyar rana ta huɗu, bayan an tashi karatu, Malam ya sallami kowa ban da mutum biyu. Ya ce Junaidu ya jira a zaure. Ubaidullahi kuma ya umurce shi ya biyo shi ciki ya zama shaida, tunda shi ya ta da maganar.

Zaituna ta shiga da hular a ninke bisa hannu biyu. Ba ta taɓa yin saƙa mai kyanta ba. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa ta ja baya. Inna na tsaye a bakin ƙofa, Ubaidullahi na zaune a gefe ya harɗe hannu.

"Ɗago kanki," in ji Malam. "Yau umurni na. Ba ni son a ce an yi ba ki gani ba."

Ta ɗago.

Ya sa hannu ya saki amawali, ya fara warware rawanin. Zagaye ɗaya, biyu, uku. Farin ƙyalle na taruwa a cinyarsa, mutumin na raguwa. Ta ga zagayen sun ƙi ƙarewa. Da ya kai ƙarshe ya cire 'yar hular ciki, sai ga wani tsoho da ba ta sani ba zaune a kan buzun mahaifinta.

Kai ne ƙarami, furfura tas. Gefen goshinsa ya lotsa, kumatun sun zurma. Wuyan da hannuwanta biyu suka kasa zagayewa ya koma jijiyoyi da fata, maƙogwaro ya fito, ƙasusuwan kafaɗa sun tokare rigar ciki. Ba tsufa kaɗai ba ne, ko makaho ya san ciwo ya daɗe yana cin mutumin nan.

Ashirin da ɗaya. Sha uku. Ba ta dubi Ubaidullahi ba, ba ta da buƙata.

"Baba," ta ce. "Baba, mi yas same ka?"

"Shekara biyu ke nan," in ji Inna daga ƙofa, tana kuka a fili. "Shi yah hana a hwaɗi."

Malam ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya ɗauki farar hular, ya yi bisimilla, ya zura kansa.

Ta wuce goshi, ta wuce gira, ta rufe idanu, ta tsaya a kan karan hanci. Abin wuyan ya zubo ya kwanta a ƙirjinsa, da sauran wurin da wani wuyan zai shiga. Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi sauƙi.

Bai ture ta baya ba. Ya zauna a haka, fuskarsa a rufe, hannuwansa a kan gwiwa. Zaituna ta ja jiki da gwiwoyi har gabansa, kusancin da ba ta taɓa yi ba tun ranar ruwan nan.

"Baba, ka yahe man. Wallahi ban auna shi ba, ban gan shi ba. Kai ma da ido nis saƙa maka, amma wanda nis sani nis saƙa ma. Rawani ya ɓoye man kai. Kunya ta hana ni dubinka, kai kas san hakanan anka tashe mu. Ka ba ni kwana ɗaya, yanzu na gan ka. Kwana ɗaya, Baba."

"Yanzu kin gan ni," ya maimaita. Muryar ta fito daga cikin ulun a dushe. "Ko kin auna yaron ga ko ba ki auna ba, Allah ya sani, ni ban sani ba. Zuciyata ta hi karkata ga ba ki yi ba."

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Amma ba zuciyata nib ba ɗalibai shaida ba. Cewa niy yi in ta zauna. Malam Ubaidu, ta zauna?"

"Ba ta zauna ba, Allah gafarta Malam," in ji Ubaidullahi a hankali.

"Malam, don Allah," Inna ta fara.

"Shekara arba'in ina hwaɗa ma mutane magana guda ta. In nit tashe ta yau don ɗiyata, gobe da wane baki za ni zama zauren can?"

Zaituna ta kifa goshinta a bakin buzun tana kuka mai cin rai, na Junaidu da na tsohon nan a haɗe, ba ta san wanne ya fi ba. Da ta ɗago ta ga gefen farin ulun, daidai inda ya rufe idanunsa, ya jiƙe ya yi duhu. Sai ta gane abin da ya hana shi ture hular.

Daga zaure tarin Junaidu ya ratso katanga, ya daɗe bai tsaya ba. Yana can yana jira, bai san komai ba.

Malam ya laluba gefensa da hannu, kamar makaho, har ya taɓo hular mai ruwan ƙasa. Ya miƙa ta saitin da Ubaidullahi yake.

"Kai mai hulatai. Ka ce shi sa ta tun nan, akwai ɗari bisa hanya, ga ƙirjinai ba lahiya." Ya mayar da hannunsa kan gwiwa. "Ka ce na gode da zama. Kada shi taho gobe."